Yadda Dakta Bertalan Ya Shiga Littafi

Ranar Litinin muna shan gahawa a ɗan ɗakin girkin gidan tarihinmu na Nádasrév, sai Dakta Bertalan ya ajiye kofi, ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan riga, ya ce yana da sanarwa. Mu uku ne kacal a gabansa: ni Etelka mai kula da ma'aji, da Malama Jolán shugabar gidan, da tsohon mai gadinmu Dezső bácsi (a nan bácsi ake ce wa dattijo, néni kuma dattijuwa), wanda ke jiƙa burodi a kofinsa. Duk da haka sai da ya jira muka yi shiru.

Wai zai rarraba kawunan mashin mutanen Avar da ke ma'ajinmu iri-iri, ya gano wanne ya riga wanne, ya ba kowane iri lamba. Avar ɗin nan mahaya dawakai ne da suka zauna a ƙasarmu a zamanin da. Wai shekara ɗari ke nan masanan Budapest suna lalube, shi kuwa kwana biyar sun ishe shi. Za a kira abin Tsarin Bertalan, kuma daga yau duk wanda ya haƙo mashi, daga nan har bakin teku, dole ya ambaci sunansa. Har ya riga ya gayyato Farfesa Ákos, babban masanin makaman Avar, ya zo ranar Asabar, ranar gasar miyar kifi, don gari duka ya shaida.

Wata takwas fa ke nan da zuwan mutumin nan wurinmu. Ko makunnin fitilar ma'aji bai san inda yake ba.

"Ni in na shinshina ƙarfe," in ji shi, "ko ido a rufe zan gaya maka ƙarninsa."

Dezső bácsi ya lashe cokalinsa ya miƙa masa. "To Dakta, taimaka mana da wannan. Mun daɗe muna gardama a kansa."

Malama Jolán ta ƙware da gahawa. Ni ban yi dariya ba, don na san kan wa abin zai ƙare.

Kwalaye ashirin da biyu ne. Kowane kwali na kabari ɗaya ne, daga maƙabartar da aka tono bayan gidan bulo tun Dezső bácsi yana saurayi yana riƙe da shebur a wurin. Kowane mashi yana kwance a kan audugarsa, da ɗan faifan gwangwani ɗaure a jikinsa da zare, an buga lambar kabari a kai. Zane-zanen da aka yi lokacin haƙa ambaliya ta cinye su tun kafin in fara aiki, saboda haka lambar nan ita ce komai. Da ita muke sanin cewa wannan mashin kusa da kan doki aka same shi, mai shi yana da ɗamara mai ado, an binne shi a layin gabas. Ba ita, tsohon ƙarfe ne mai tsatsa, ko masu sayen gwangwani ba za su waiwaye shi ba. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da makullin nan, ko tsinke bai taɓa rabuwa da lambarsa a hannuna ba. Ba ni da digiri, ba ni da littafi. Abin da nake taƙama da shi ke nan a duniya.

Na gaya masa ƙa'ida ɗaya ce: kwali ɗaya a lokaci ɗaya, a gabana, kuma ba a taɓa zaren. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Etelka néni, kimiyya ba ta tafiya kwali-kwali." Na cire hannunsa na mayar masa.

To, ƙaddara ta sa haƙorina na can ciki ya tashi a daren Litinin, Talata da safe na kama jirgin ƙasa zuwa birnin Szeged wurin likita. Aka cire, wurin ya kumbura, 'yata ta rantse ba zan bar gidanta ba sai Juma'a. Abin da ya faru a bayana Dezső bácsi ne ya ba ni labari, kuma rabin gari sun ƙara mini da abin da ya manta.

Ko jirgin bai bar tasha ba Bertalan ya karɓi makulli wurin Malama Jolán, mace mai kirki wadda ba ta iya cewa a'a ga mai magana da ƙarfi. Ya kwaso kwalayen duka, ya juye su a kan dogon teburinmu na zaure. Ya tsallaka titi ya aro sikelin tagulla na kantin magani wurin Malama Piroska. Ita kuwa Piroska, aron abu a wurinta daidai yake da sanarwa a rediyo. Kafin azahar kowa ya san Dakta yana auna tsatsa.

Da ya ɗora na farko sai ya tsaya, ya yamutsa fuska. Wai faifan gwangwanin da zaren suna ƙara nauyi, giram biyu da rabi, kuma babban masani ba ya wasa da giram biyu da rabi. Dezső bácsi ya ce masa ai sai ya auna faifai ɗaya daban, ya riƙa debewa. Bertalan ya ce wannan lissafin 'yan kasuwa ne. Ya ɗauko almakashi.

"Dakta, matar nan za ta dafa ka."

"Tarihi zai wanke ni, bácsi."

"Tarihi ba ya dawowa ranar Juma'a. Ita ce ke dawowa."

Ƙyas, ƙyas, ƙyas, ya yanke su duka. Ya zuba lambobin a wata tsohuwar kwalbar kokwamba, ya rufe. Don a ce ya yi hankali, sai ya rubuta lambar kowane mashi da alli a kan teburin, gefensa. Da ya ga ƙarfe yana goge tagullar Piroska, sai ya zaro audugar kwalaye biyu ya shimfiɗa a farantan sikelin.

Talata ya raba su da nauyi, ya sami iri shida. Laraba ya ce nauyi yaudara ne, ya koma tsawo, iri ya zama goma sha ɗaya. Daga nan ya shiga faɗin ruwan mashi, da tsagar bututun da sanda ke shiga, da launin tsatsa, wai akwai ja mai fushi akwai ja mai natsuwa. Duk mashin da ya ƙi shiga sahu, sai ya buɗe masa sahu nasa shi kaɗai. Kuma kowane sauyi sai ya goge allin da hannun riga ya sake rubutawa, har rigar ta koma fara fat.

Ranar Alhamis ya ce dole ya ji abin a jikinsa. Ya sassaƙa kan mashi na katako, ya ɗaura a sandan tsintsiya, ya hau kujera ta baya kamar doki, yana sukuwa a tsakiyar zaure yana gwada yadda mahayin Avar ke suka. Bai lura ba labule a buɗe yake. Piroska da masu jiran magani sun cika bakin taga, mai gidan burodi ya bar tanda ya zo. A suka ta uku ƙafar kujera ta karye, mashin ya wuce ya tsire tukunyar furen da Malama Jolán ta rena shekara tara. Bertalan ya tashi daga ƙasa yana karkaɗe ƙasar fure daga gashi, ya rubuta a littafinsa cewa gwajin ya tabbatar da hasashensa. Da yamma iri ya kai goma sha tara.

"Kaburbura ashirin da biyu, iri goma sha tara," in ji Dezső bácsi. "Ashe mutanen nan ba mai gaisawa da maƙerin wani."

Yanzu, duk wanda aka haifa a Nádasrév ya san abin da ke faruwa da dogon teburinmu ranar jajiberin gasa. Shi kaɗai ne tebur a garin nan da ke ɗaukar masu gyaran kifi goma sha biyu a jere, kuma tun zamanin kakata ƙungiyar masunta ke zuwa Juma'a da safe su ɗauke shi zuwa bakin kogin Tisza. Ba sa tambaya, ba a kuma gaya wa kowa, don ba wanda bai sani ba. Sai mutum ɗaya. Shi kuma a safiyar nan yana wurin masu ɗab'i, yana faɗa a kan girman harufan sunansa a allon da aka zana tsarinsa. Dezső bácsi ya je karɓo wasiƙu.

Masuntan mutanen kirki ne, ba zan ɗora musu laifi ba. Sun cire huluna, suka kwashe ƙarafan ɗaya bayan ɗaya da hannu bibbiyu, suka tara a kan bargo a lungu. Da suka ga teburin duk alli, sai suka sa ruwa da sabulu suka wanke shi tas, don ba a gyara kifi a kan datti.

Da sha ɗaya na shigo da jakata, kumatuna ɗaya kamar na ɓoye ƙwai a ciki. Na ga fili inda tebur yake. Na ga tarin ƙarfe a bargo. Na ga kwalba a kan taga. Ban yi ihu ba, bakin ma ba ya buɗuwa. Na zauna a kan matakala, kuma ba na jin kunyar faɗa, na yi kuka.

Bertalan ya shigo da allonsa a hammata, ya duba, fuskarsa ta yi fari na ɗan lokaci. Amma irinsa ba sa daɗewa a ƙasa. Ya ce wannan ma dama ce. Tsarinsa ya kai inda zai iya mayar da kowane mashi kabarinsa da hankali zalla: masu nauyi na manyan kaburbura ne, masu siriri na ƙarshen zamani. Kafin in haɗa kalma biyu ya zazzage kwalbar yana ɗaura lambobi yadda ransa ya ba shi. Na ce ya ba ni su in gwada wata dabara. Ya ce ba lokaci. Ya jera su a akwatin gilashi, ya kulle, ya jefa makullin a aljihu.

Na shiga ma'aji na zauna da kwalayena. Na buɗe na farko, na daɗe ina kallon audugar. Daga nan na buɗe na biyu. Da na kai na biyar sai na kira Dezső bácsi na nuna masa. Ya cire tabarau ya goge, ya ce gobe zai sa rigarsa ta coci.

Asabar gari ya cika da ƙamshin albasa da tattasai. Tukwane arba'in a kan wuta a bakin kogi, kowane mai dahuwa yana rantsuwa ta maƙwabcinsa ruwan wanki ce. Ƙarfe biyu aka shigo zaurenmu, wasu da kwanon miya a hannu. Magajin gari a gaba, Piroska a bayansa inda za ta fi ji. Farfesa Ákos ɗan tsamurmurin dattijo ne mai magana ƙasa-ƙasa, ya sha miya kwano biyu, kuma da alama barci yake nema.

Bertalan ya yi minti arba'in yana bayani da sanda. Daga ƙarshe ya sa farin safar hannu, ya buɗe gilashi, ya ɗago wani gajeren tsini marar bututu. Wai wannan shi ne Iri na Ɗaya, mafi tsufa, daga lokacin da mutanen Avar suka iso daga gabas ba su ko koyi yin gurbin sanda ba. Ya ɗago wani a ɗaya hannun, dogon bututu mai dakusasshen kai. Wannan kuma Iri na Goma Sha Tara, na ƙarshe, lokacin da suka gaji da yaƙi suka koma riƙe mashi don ado. Tsakanin hannunsa na dama da na hagu, in ji shi, shekara ɗari biyu ne cur. Babu irinsu a duk duniya, shi ya fara gano su.

Aka tafa. Magajin gari ya gyaɗa kai kamar da shi aka yi.

Dezső bácsi ya ɗaga hannu daga baya. "Dakta, tambaya ce ta jahili. Kaburbura ashirin da biyu ne. Ƙarafa nawa ne a gilashin nan?"

Bertalan ya ce ashirin da uku, kuma wannan ba abin mamaki ba ne, wani babban jarumi ne aka binne da guda biyu.

Nan Farfesa ya buɗe ido ɗaya.

Na fito daga ƙofar ma'aji da kwalin kabari na 117, na ajiye a gaban Farfesa, na buɗe. Ƙarfen da ya yi shekara hamsin kwance a wuri ɗaya, yakan bar hotonsa da tsatsa a jikin auduga, kamar yadda guga mai zafi ke barin shaida a riga. A kwalin nan hoton ɗaya ne, dogo, da 'yar farar tsaga a tsakiya. Na karɓi Iri na Ɗaya daga hannun Bertalan na kwantar a sama. Na karɓi na Goma Sha Tara na kwantar a ƙasa. Na tura su da yatsa, suka haɗu ƙas, baki da baki.

"Ni na tono shi," in ji Dezső bácsi. "Yana kusa da kan dokin. Garmar Kovács mai gonar ce ta karya shi tun kafin mu zo."

Farfesa ya sunkuya ya duba mahaɗar da gilashinsa mai ƙara girma, ya ɗago, ya ce a hankali, "Abin sha'awa. Maƙerin nan ya yi haƙuri. Ya ƙera kai, ya jira shekara ɗari biyu, sannan ya ƙera gindin."

Piroska ce ta fara, da wata irin ƙara kamar an taka agwagwa. Daga nan kowa ya ɓalle. Magajin gari ya zubar da miya a wandonsa. Bertalan yana ta ɗaga murya, wai wannan ƙaramin gyara ne, sauran iri goma sha bakwai suna nan daram. Farfesa ya ce to a kawo sauran kwalayen a gani.

Muka kawo, ni da Dezső bácsi. Ina buɗe kwali, ina neman mashin da ya dace da hoton tsatsarsa, Farfesa yana karanta lambar da Bertalan ya ɗaura jiya, Dezső bácsi yana karanta ta jikin kwalin. Mutane suka mayar da abin wasa, duk wanda bai dace ba sai su amsa baki ɗaya, "Ba nasa ba ne." Mashin wani dattijo an ba wa matashi. Na wani mahayi an kai shi ƙarshen maƙabarta. A cikin goma sha tara, uku kawai Bertalan ya dace, kuma mai gidan burodi ya ce ko akuyarsa aka ba za ta ci huɗu.

Ina ta jin daɗi, ba zan yi ƙarya ba, har na manta da haƙori. Sai na buɗe kwali na 64 na ga katako tsirara. Na buɗe na 88, shi ma haka. A gilashi saura mashi biyu, masu siffar ganyen kara, tsawonsu ɗaya, faɗinsu ɗaya, kamar tagwaye.

Na tambayi inda audugar take. Piroska ta ce ai da aka dawo mata da sikeli ta tarar da wani ƙazamin abu a farantan, ta jefa a murhu.

Dariyar ta mutu. Farfesa ya juya su a hannu, ya auna, ya duba bututun, ya girgiza kai. Ya tambayi Dezső bácsi ko zai iya tunawa. Tsohon ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce ɗaya na mai ɗamarar azurfa ne, ɗaya na wani talaka da aka binne ba doki, amma wanne ne na wa, in ya faɗa ya yi ƙarya. Shekara dubu da ɗari uku mutanen nan biyu suna riƙe da abinsu a cikin ƙasa, shekara talatin da ɗaya ina riƙe musu. Kwana uku na je cire haƙori.

Malama Jolán, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta shiga ofis ta fito da babban kundin kayan tarihi. Ƙa'idar gidanmu ce tun asali, in abu ya rabu da lambarsa, a rubuta ranar, a rubuta a hannun wa, shi kuma ya sa hannu. Shafin nan ba a taɓa shi ba tun shekarar ambaliya. Ta buɗe a gaban gari duka, ta miƙa wa Bertalan alƙalami. Ya fara wani bayani a kan kimiyya, ta ce, "Nan, Dakta. Ƙasan layin." Ya sa hannu. Farfesa ya leƙa ya kwafe a ɗan littafinsa, ya tambayi ko akwai sauran miya.

Bayan shekara biyu littafin Farfesa ya fito, katoto, shafi ɗari bakwai. A jerin kawunan mashin ƙasarmu duka, kowanne da garinsa da lambar kabarinsa, akwai layi biyu da suka bambanta: Nádasrév, kabari 64 ko 88, lamba ta ɓace a hannun Dakta Bertalan. An maimaita sau biyu, ɗaya ƙasan ɗaya.

Na kai masa ofis da kaina, na buɗe shafin, na tsaya ina jira in ga ya nutse. Ya karanta. Ya sake karantawa da yatsa. Ya ɗago yana sheƙi.

"Sau biyu, Etelka néni. A shafi ɗaya. Ke sau nawa aka ambace ki?"

Ya sayi kwafi uku. Ɗaya yana kantin Piroska, da takarda a tsakiya don kada mai dubawa ya wahala.

Ni ba a ambace ni ko sau ɗaya ba, kuma haka ya kamata, don mai ma'aji sai ya yi ɓarna ake sanin sunansa. Faifan nan biyu ban ɗaura su a jikin kowane mashi ba, ba zan yi wa matattu caca ba. Suna cikin kwalbar kokwamba a kan teburina. Makon jiya Bertalan ya leƙo, ya gyara wuyan riga, ya ce ya lura ba wanda ya taɓa rarraba kawunan kibiyarmu yadda ya kamata, guda ɗari uku da sha ɗaya, kuma in zan ba shi makulli na kwana biyar kacal. Na ɗauki kwalbar na kaɗa masa ita a kunne har sai da ya fita.